Tarihi Ba Hujjar Ɓoye Yara Ba Ne

Jama'a, duk lokacin da masu allurar rigakafi suka shigo unguwanninmu a Dei-Dei, Mpape ko Gwagwalada, sai ka ji wasu na cewa a ɓoye yara. Mun san inda tsoron ya samo asali. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, goma sha ɗaya daga cikin kusan 200 da aka sa a gwajin suka rasu. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma mu faɗi sauran labarin. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin yana hana haihuwa. Kafin a dawo da shi a 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. 'Ya'yan wa suka shanye? Namu. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Su ma namu ne.

Iyayenmu na ɗauke da tabon lamba a dantse, shi ya sa yau ba mu san agana ba, cutar da aka kawar daga duniya a 1980. Shan inna kuwa, bayan gwamnoni sun yi alkawari a nan Abuja a 2009, sarakuna da malamai sun sa baki, an tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Ina rashin haihuwar da aka yi ta yayatawa? Gidajenmu cike suke da yara. Da muka yi sakaci kuma, mashaƙo ya ɗauke mana yara a 2023.

Gwamnati ma da nata laifin. A Abuja aka yi alkawari a 2001 na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, har yau ba a cika ba. Ana bin mu gida-gida da ɗigon baki, amma asibitin unguwa babu maganin zazzaɓi. Wannan mu nema da babbar murya wajen kansila da shugaban ƙaramar hukuma.

Sai dai kada fushinmu da hukuma ya ƙare a kan jariri. Malam, Hajiya, ku duba katin yaro, ku kai shi asibiti a cike masa allurarsa. Rigakafi ya fi magani.