Tsohon Doki Sai Mai Shi

Da kawuna ya rasu a Ƙauran Namoda, ya bar gida da gonaki da tsohuwar Marsandi mai ƙofa biyu wadda babu magajin da ya so ta faɗo a rabonsa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ba ni da gado a dukiyarsa, saboda haka sai da aka yi wa motar kuɗi sannan na saye ta daga hannun 'ya'yansa. Babban ɗansa ya miƙo mini makulli yana murmushi, ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ya ba ka haƙurin zama da ita." A lokacin na ɗauka barkwanci ne irin na taubasai. Shekarun da na yi da motar sun nuna mini cewa addu'a ce ya yi mini da gaske.

Motar Mercedes-Benz 500 SEC ce, ƙirar da kamfanin ya yi daga 1981 zuwa 1991. Injinta mai silinda takwas ne, girmansa lita biyar, tankinta kuma yana cin lita 90 na fetur. Idan aka sauke gilasanta huɗu, babu ƙarfen da ya raba tagar gaba da ta baya, sai iska ta ratsa ta kamar rumfa. Da direba ya zauna ya kunna ta, wani ɗan hannu yakan fito daga bayan kafaɗarsa ya miƙo masa bel. Yaran unguwarmu har yau sukan taru don ganin wannan hannun kawai.

Ra'ayin da zama da ita ya kai ni gare shi shi ne cewa mai irin wannan mota rabinta kawai ya mallaka. Sauran rabin yana hannun jama'a da hukuma: farashin mai, kyawun kwalta, ilimin bakanike, da zaman lafiyar hanya. Idan waɗannan suka zube, ƙarfin da ke cikin injin ya zama abin kallo. A arewacin Zamfara kuwa duka huɗun sun girgiza cikin shekarun da ba su kai rayuwar mota ɗaya ba.

Daga ina irin waɗannan motoci suka fito?

Dabarar saka ƙaton inji a jikin mota mai ƙofa biyu ta yi suna ne a Amurka. A 1964 kamfanin Pontiac ya fitar da GTO, Ford kuma ya fitar da Mustang, daga baya Chevrolet Camaro da Dodge Challenger suka biyo baya. Sunan da Amurkawa suka ba wannan jinsi yana nufin mota mai ƙwanji, kuma wasunsu girman injinsu ya kai lita bakwai. Abin da ya raya su a fili yake: fetur mai arha, manyan hanyoyin da gwamnatin tarayyar Amurka ta shimfiɗa tun daga 1956, da matasa masu albashi. Cikin shekaru goma zamaninsu na farko ya wuce. Kamfanonin inshora sun tsawwala kuɗi a kansu, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin injuna, sannan a Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka mai, farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Tashin farashin da ya kashe waɗannan motoci a can, shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya. Ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, manyan 'yan kasuwa kuma suka koma kan Marsandi. A Afirka ta Yamma Marsandi mai ƙofa biyu da silinda takwas ta nuna bajinta a zahiri: a tseren Bandama na ƙasar Kwaddibuwa a 1979, motocin 450 SLC, wato yayyen tawa, su ne suka ɗauki matsayi na ɗaya har zuwa na huɗu, Hannu Mikkola na ƙasar Finlan yana kan gaba. Sai dai masu ba da wannan labari sukan manta cewa bayan kowace mota akwai rundunar makanikai da tarin kayan gyara da kamfani ya kawo daga Jamus. Ko a ranar nasararta, motar ba ita kaɗai ta yi aikin ba.

Lissafin tanki

Kawu ya sayo tasa ta hannu daga Kwatano a farkon shekarun 1990. A 1991 litar fetur kwabo 70 ce, wato naira 63 ta cika tankin nan, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 250. Rubu'in albashin ƙaramin ma'aikaci ke nan. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ko an lissafa a naira 900, cika tankin yana cin naira 81,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Abin da ya kasance rubu'in albashi ya wuce albashin wata guda ɗungurungum.

Tawa tana shan lita 15 zuwa 17 a kowane kilomita 100, gwargwadon nauyin ƙafata a kan totur. Tsakanin Ƙaura da Gusau kusan kilomita 60 ne, saboda haka zuwa da dawowa yana lashe wajen lita 19. Da kuɗin wannan man mutum zai shiga motar haya ya je ya dawo sau da yawa.

A Zamfara kuma mai ya wuce batun farashi, ya zama batun tsaro. A farkon Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita sayar da shi ga Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi, ta kuma hana sayar wa mutum ɗaya man da ya wuce na naira 10,000. An katse layukan waya a faɗin jihar. Manufar ita ce a yanke wa 'yan bindiga man baburansu. A farashin naira 165 na wancan lokaci, naira 10,000 lita 60 ce da ɗoriya, wato doka kanta ta haramta wa tankin kawu cika. Ban ga laifin dokar ba, domin rayuka ake ƙoƙarin ceta. Na ambace ta ne don mai karatu ya ga yadda abin da mutum yake ɗauka mallakinsa ne yake rataye da halin da ƙasa take ciki.

Ilimin da ke ƙarewa

Injin wannan mota ba ya amfani da kabureta. Wata na'ura ce ta kamfanin Bosch take auna iskar da ke shiga, ta raba fetur ga silinda takwas ɗin ta siraran bututu, kuma tana son mai mai tsabta. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka, ko wanda aka gauraya, yakan toshe ta. Akwai kuma sarƙar da ke haɗa motsin saman inji da na ƙasansa, wadda take gudu a kan wasu layuka na roba. Tsufa da zafi sukan busar da robar har ta karye, sarƙa ta tsallake haƙori, fistin ya doki bawul, inji ya mutu nan take. Mai hankali yakan canza su tun ba su karye ba.

A duk garinmu mutum ɗaya na samu da ya san wannan inji ciki da waje, wani dattijon bakanike da ya koyi aiki a Kaduna. Ranar da na fara kai masa ita, bai buɗe bonet ba sai da ya saurari ƙararta na ɗan lokaci. Na ce, "Baba, me ka ji?" Ya ce, "Yaro, sarƙa tana magana. Ka nemo kayanta kafin ta yi shiru." Yaran garejinsa sun ƙware a Golf da Toyota da baburan Boxer, domin su ne ke kawo abinci, kuma ba zan zarge su ba. Shawarar da mafi yawan makanikai suke ba ni ita ce a cire injin a dasa ƙaramin na Japan. Ranar da dattijon nan ya ajiye sifana, ilimin zai bar garin tare da shi.

Kayan gyara kuwa sai Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, idan an rasa a yi odar su daga waje da dala. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kowane ƙaramin ƙarfe ya ninka kuɗinsa sau uku ba tare da ya canza kama ba.

Hanya da idon mutane

Kawu ɗan kasuwar hatsi ne. Ina yaro yakan ɗauke ni ranar Alhamis zuwa kasuwar Shinkafi, mu bi ta Moriki, mu dawo bayan magariba da fitila a kunne ba tare da fargaba ba. Wani lokaci yakan bi ta Zurmi ya fita Jibiya ya shiga Katsina. Ƙaura gari ne da ya ginu a kan zirga-zirga, nan ne layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya tun 1929, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa bi ta tasharsa. Waɗannan hanyoyi biyu, ta Shinkafi da ta Zurmi, yau suna cikin waɗanda matafiya suka fi tsoro a jihar. Ana fita ne da rana tsaka, a jere, sau da yawa bayan an jira rakiyar jami'an tsaro.

Wani abokina ya taɓa ce mini mota mai gudu ita ce maganin irin wannan hanya. Ya yi kuskure. Motar a ƙasa take, cikinta ba ya jure rami, kuma a hanyar da ke da shingayen bincike da kwalta mai faci babu inda za a taka ta. Wanda ya tare hanya da bindiga bai damu da yawan silinda ba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ganewa. A yankin da masu satar mutane suke dogara da 'yan rahoto na cikin gari, motar da babu irinta tana faɗin sunan mai ita da lokacin fitarsa da inda ya nufa. Na san masu hali da suka ajiye manyan motocinsu suka koma shiga tsohuwar Golf ta haya don su saje da jama'a. Mahaifiyata ta faɗa mini nata hukuncin a taƙaice: "Ban yafe ba idan ka fita gari da motar yayana."

Almubazzaranci ne?

Akwai masu cewa ajiye irin wannan mota a jihar da dubban mutane suka bar ƙauyukansu almubazzaranci ne. Maganarsu tana da nauyi, kuma na yarda da rabinta. Idan manufar ita ce a tayar da ƙura a gaban mai yunwa, ko a yi wasan mota a ranar ɗaurin aure ana juyi a tsakiyar mutane kamar yadda wasu samari suke yi a manyan biranen Arewa, to wannan ya wuce almubazzaranci ya kai ga ganganci da rayukan bayin Allah. Amma riƙe tsohon abu da gyara shi al'ada ce da muka gada. Mai doki a ƙasar Hausa ya san ingarma ba ya noma, ba ya dako, yana cin dawa da harawa kullum, kuma duk da haka ba a kiran mai kula da shi wawa, muddin iyalinsa ba su kwana da yunwa saboda dokin ba. Wannan shi ne ma'aunin da na ɗora wa kaina: motar tana cin abin da ya rage ne bayan haƙƙin gida da na dangi.

Ga ƙannenmu da suke sha'awar Challenger da Mustang da Camaro da ake gani a titunan Abuja da Kano da Kaduna, shawarata ita ce su yi lissafi kafin su biya. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su motocin da suka yi haɗari ne a Amurka aka saya a gwanjo aka gyara, don haka a binciki tarihin mota ta lambar jikinta. A tambayi wane ne zai gyara ta, kuma a wane gari yake. A tuna cewa Dodge ya daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, Chevrolet ma ya tsayar da Camaro a daidai wannan lokaci, wato su ma sun kama hanyar zama tsofaffin dawaki. Sannan mutum ya tambayi kansa hanyoyi nawa ne a garinsu zai iya bi da ita hankali kwance.

Tawa tana nan a zauren da kawu ya gina mata, a lulluɓe da tamfol. Duk ranar Juma'a idan ina gari nakan tashe ta bayan sallar asuba, in bar injin ya yi ɗumi, in zaga da ita ta wajen tsohuwar tashar jirgi da ƙofar kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, in dawo kafin gari ya cika. Tafiyar ba ta kai kilomita goma ba. Dillalai biyu sun taya ta, ɗaya yana son jikin, ɗaya yana son injin, na ce su yi haƙuri. Ina jiran Alhamis ɗin da zan cika mata tanki in ɗauki ɗana zuwa kasuwar Shinkafi, mu dawo bayan magariba, mahaifiyata kuma ta bar mu mu tafi.