Ruwa Ne Ko Mai? Hayaluronik Asid, Hunturun Sakkwato Da Amanar Alƙalaminmu

 

Maƙalar yau daga tsakar gidanmu ta fito. A hunturun bara, ƙanwarmu da ke shirin aure ta kwashi adashenta ta sayi wata 'yar kwalba, irin mai murfin roba da ake matsawa ruwa ya ɗigo. A jikinta an rubuta Hyaluronic Acid. Ba likita ne ya rubuta mata ba. A tsakiyar wani littafi da take bi a WhatsApp ta ga tallar, tsakanin shafin da jaruma ta yi yaji da shafin da aka je biko. Marubuciyar ta ce duk wadda ta shafa, fatarta za ta sha ruwa ta yi sumul kamar ta jariri. Ƙanwarmu ta yarda da kwalbar ne domin ta yarda da marubuciyar.

Mako biyu tana ɗigawa safe da dare a busasshiyar fuska, ba ta ɗora komai a kai. Fuska ta ƙara ɗaurewa, gefen hanci ya fara saɓa, ga biki na matsowa. Ranar da ta zauna tana kuka, kakarmu ta karɓi kwalbar, ta ɗiga a bayan hannunta, ta murza, ta ce, "Wanga abu da kunka sawo, ruwa na ko mai na? In ruwa na, iska ka shanye shi. Ku aza mai bisa." Muka yi dariya, muka ce me Inna ta sani game da kayan zamani. Da muka zauna muka bincika, sai muka tarar tsohuwa ta faɗi abin da likitocin fata ke faɗi, ita da ko sunan abin ba ta iya furtawa.

Mu ba likitoci ba ne, iyakar karatunmu difloma a Poli. Amma mai difloma yana iya karatu ya yi tambaya, kuma ga abin da muka samo.

Hayaluronik asid ba baƙon abu ba ne a jikin ɗan Adam. Allah ya halicce mu da shi. A shekarar 1934 wasu masana biyu, Karl Meyer da John Palmer, suka fara ware shi a Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok na Amurka, daga ruwan nan mai kama da farin ƙwai da ke cikin idon saniya. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15 nasa, kusan rabi a cikin fata, saura a gaɓoɓi da idanu da sauran sassa. Kullum jiki yana narkar da kusan kashi ɗaya cikin uku ya ƙera sabo. Yawan shekaru da dukan rana suna rage shi a fata. A da daga zankon zakara ake tatso shi, yanzu mafi yawa a masana'anta ake samar da shi ta hanyar kiwon wasu ƙwayoyin bakteriya, kuma ƙasar Sin ce kan gaba a wannan sana'a. Likitoci na amfani da shi a aikin yanar ido, suna kuma yin allurarsa a gwiwar masu ciwon gaɓoɓi. Wanda ke cikin kayan shafa sau da yawa Sodium Hyaluronate za ku ga an rubuta a jerin kayan haɗi.

Aikinsa ɗaya ne a kan fata: kama ruwa ya riƙe. Duk wanda ya taɓa ganin gishiri ya jiƙe a gwangwani da damina, alhali ba wanda ya zuba masa ruwa, ya riga ya fahimci wannan. Gishirin ya jawo laimar da ke cikin iska ne. Haka wannan sinadari yake, sai dai shi idan ya sha ruwa yakan yi yauƙi kamar kuɓewa ko karkashi, ya kwanta a saman fata ya sa ta laushi, ƙananan layukan bushewa su lafa na ɗan lokaci. Mafi yawansa ya yi girman da ba ya ratsa fata ya shiga can ciki, a sama yake aikinsa, kuma in an wanke ya tafi. 'Yan talla na cewa yana riƙe ruwa ninki dubu na nauyinsa. Ko mun karɓi wannan magana yadda suka faɗe ta, tambayar Inna tana nan: ruwan da zai riƙe, daga ina?

A nan Sakkwato take shigowa. A watan Agusta laimar iska a garin nan takan haura kashi 60 cikin ɗari. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, lokacin da iskar arewa ke kwaso ƙura daga Sahara, takan faɗo ƙasa da kashi 20. Kowa ya san alamun: wanki ya bushe kafin a gama shanya, leɓe ya tsage, yara su yi ta haɓo, duga-dugai su yi faso. Bayan nan bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40, iska kuma har Afrilu a bushe take. Mai yin bidiyo a Legas ko Landan tana zaune ne a inda iska ke ɗauke da laima, abin da ta shafa yana da inda zai ɗebo ruwa. Wadda ta hau ɗan kabu-kabu daga Mabera zuwa Babbar Kasuwa da sanyin safiya, iskar da ke dukan fuskarta ita kanta ƙishirwa take ji. Shi ya sa likitocin fata ke gargaɗin cewa a busasshiyar iska, in an shafa irin wannan sinadari shi kaɗai, ɗan ruwan da ya kama daga fatar kanta iska ce za ta kwashe, a tashi da fuska ɗaurarriya fiye da da. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ƙanwarmu ba wanda ya gaya mata rariya ta saya.

Maganin kuwa bai da tsada. A wanke fuska da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, da sabulu marar ƙarfi. Kada a goge ta ƙarƙaf. Tana da sauran danshi a ɗiga ɗigo biyu ko uku, a shafa, sannan nan take a bi da abin da zai rufe: kirim mai ɗan kauri, ko ɗan man kaɗanya, ko basilin kaɗan ga wadda fatarta ta bushe sosai. Matan gida sun san dabarar a tuwo. Malmalar da aka bari a buɗe ɓawo take yi, wadda aka naɗe a leda har dare da laushinta. Majeman garin nan, masu jeme fatar jar akuyar da ta yi suna har Turai, su ma ba su jiran fata ta ƙeƙashe kafin su ba ta mai. Mu da ke wanke fuska sau biyar a yini don alwala mun fi kowa buƙatar wannan sani, domin kowace wanka da iska ta busar tana tafiya da wani abu daga fata. Kafin a kai sabon abu fuska a gwada shi a bayan kunne a kwana a gani. Mai yawan ƙuraje ta yi hankali da mai mai nauyi. Kaushi da faso kuwa ba aikin wannan kwalba ba ne, a jiƙa ƙafa, a goge da dutse, a shafa basilin. Wadda kuma aljihunta bai kai ba, gilisarin da ake sayarwa a kemis ɗan gida ɗaya ne da hayaluronik asid wajen kama ruwa, sai a sirka shi da ruwa ko kirim don kada ya yi danƙo.

Ƙanwarmu ta bi wannan, fuska ta saki kafin ranar ƙunshi. Asararta ta tsaya a kuɗi da hawaye. Akwai wadda tata ta wuce nan, kuma ita ce ta sa muka kawo maganar wannan zaure.

Kalmar "asid" tana ruɗa mutanenmu. Wasu na jin ta sai su tuna ruwan batir su tsorata. Wasu kuma su ɗauka abu ne da ke saɓe fata ya fito da hasken da ke ƙasa, kuma masu haɗa man shafawa a gida sun gane wannan. Sai su cika roba da haɗinsu, su manna takarda mai ɗauke da sunan hayaluronik asid, su ce "yana ba da haske". Mu riƙe wannan da kyau: hayaluronik asid ba ya canza launin fata. Ba ya taɓa sinadarin da ke ba fata launinta ko kaɗan. In kwalba ta mayar da baƙar mace fara cikin mako biyu, to akwai wani abu a ciki da ba a rubuta ba, ko dai sitiroyid, ko haidirokinon, ko zaiba. Sitiroyid na sirantar da fata, jijiyoyi su fito, nanƙarwa ta tsaga jiki, rauni ya ƙi warkewa. Haidirokinon in an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo mai wuyar fita a kumatu. Zaiba kuwa ƙoda take ci. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo alƙaluman da ke cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da man ƙara haske. A watan Fabrairun 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Suna mai tsabta ya zama mayafin da ake lulluɓa wa guba, mu kuma muna daga cikin masu kai ta gidajen mutane.

Eh, mu. Mu ne muke karɓar kuɗin talla mu saka a tsakiyar shafi ba tare da mun ga kwalbar da idonmu ba. Kafin tallar ma, mu ne muka share mata hanya. Mu ƙirga jarumai mata na littattafanmu na intanet, nawa ne ba farare sol ba? Nawa ne hunturu ya taɓa fasa wa leɓe? Jarumarmu tana zaune a Runjin Sambo a tsakiyar Janairu amma fatarta na sheƙi kamar wadda ba ta taɓa fita ƙofar gida ba, baƙar fata da kaushi kuma mun ajiye su ga kishiya da 'yar aiki. Yarinya 'yar shekara 17 ta karanta wannan shafi ɗari, ta dubi madubi, sai ga lambar waya a ƙasan shafi na ɗari da ɗaya.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mu ma mun taɓa ba da ita. Za a ce marubuci ba likita ba ne, kuma talla ce ke sayen data da cajin waya, tunda masu karatu da yawa ba sa son biyan kuɗin littafi. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya bar neman halak ɗinsa ba. Amma mai kayan da ta zo wurinmu ba faɗin shafinmu take saya ba, yardar da masu karatu suka ba mu take saya. Wanda ya ba da aron yardar mutane ya kamata ya san inda za a kai ta. Akwai kuma masu cewa a watsar da kayan Bature duka a koma man kaɗanya. Su ma ba mu bi su ba. Man kaɗanya rufewa yake yi, in aka shafa shi a ƙeƙasasshiyar fata sai ya rufe fari. Shi ma danshi yake so a ƙarƙashinsa. Na kwalba da na ƙwarya ba kishiyoyi ba ne, kowanne da aikinsa.

Shawararmu ga 'yan wannan zaure ita ce, kafin mu karɓi tallar kayan shafa mu nemi a aiko mana hoton bayan kwalba. Mu ga lambar NAFDAC, mu ga jerin kayan haɗi, mu ga sunan kamfani da ranar lalacewa. In an ce sirrin haɗi ne ba a faɗa, mu mayar da kuɗin. In an haɗa sunan hayaluronik asid da alkawarin haske, mu mayar da kuɗin. Mai karatu da ta biyo mu ta bayan fage da matsalar fata, kada mu rubuta mata haɗi, mu tura ta wurin likita, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan cikin gari. A labaranmu kuma mu bar hunturu ya zama hunturu. Mu rubuta baƙar jaruma da ke fitowa daga wanka ta murza man kaɗanya a tafin hannu har ya narke, a kuma so ta a haka har ƙarshen littafi.

Saura aiki ɗaya da ya fi dacewa da mu fiye da kowa. Da abin nan yana da sunan Hausa da ke faɗin aikinsa, da wuya a sayar da shi a matsayin man haske. Mu a gidanmu "mariƙin ruwa" muke ce masa yanzu, Inna kuma "yauƙin kwalba" take kiransa. Wanne ya fi zama a baki, ko kuwa kuna da wanda ya fi su? Waɗanda kuma suka taɓa karɓar irin wannan talla, me kuka tambaya kafin ku saka? Muna jiran ra'ayoyinku da gyararrakinku a ƙasa, musamman ma'aikatan lafiya da ke cikinmu.

Allah ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.