Ra'ayinmu: Hayaƙi da magariba, sange da dare

Duk shekara idan marka ta kama a watan Agusta, gidajen Karofane da sauran garuruwan kwarin Majiya sukan koma ga dabarar da suka gada. Uwar gida ta ɗebo garwashi a kasko, ta watsa ɗanyen ganyen bedi ko na daddoya, wata ta ƙara busasshen ɓawon lemu, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida har a samu a ci tuwon dare ba tare da marin ƙafa ba. Ma'aikatan lafiya da dama ba su ɗauki wannan da muhimmanci ba. Dattawa kuwa cewa suke da shi aka raine su.

Dattawan suna da hujja. Hayaƙin yana korar sauro muddin yana tashi, kuma ba ya cin ko dala. Bedin ma, wanda wasu ke kira dogon yaro, ba nemansa ake yi ba a yankin nan. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa shi jeri-jeri a kwarin Majiya na gundumar Buza don ya tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Magidancin da rumbunsa ya yi ƙasa a tsakiyar damina ba zai riƙa sayen maganin feshi kullum ba, kuma ba daidai ba ne a raina abin da yake iyawa.

Sai dai garwashi yana mutuwa kafin dare ya raba, alhali macen sauron da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi ta fi cizo ne daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da kowa ya yi nisa a barci. Turara ɗaki a rufe ƙofa a kan jariri kuma neman tari ne. Nan ma'aikatan lafiya suka fi gaskiya, kuma iyayen da suka taɓa kwana a asibitin Madawa ko na Buza a watan Satumba, yaro na fama da sanƙarewa ko ƙarancin jini, sun san haka.

Abin da muke ganin ɓangarorin biyu suna tsallakewa shi ne ruwa. Sauron zazzaɓi ba a kwata mai wari ya fi son yin ƙwai ba. Ruwan sama yake nema, marar zurfi, wanda rana ke duka: sawun kofaton shanu a bakin rijiya, ramin da aka haƙa aka buga tubali aka bari, gurbin tayar amalanke. Cikin zafin damina, kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi. Wanda ya zaga gidansa sau ɗaya a mako da shebur, ya cike ƙananan ramuka, ya kife tsohon tulu, ya rufe randa, ya katse masa zuri'a tun ba ta yi fiffike ba. Amma sauro bai san katanga ba, don haka aikin na gayya ne, na unguwa sukutum.

To, tabkin da dabbobi ke sha fa, ko kududdufin da ba ya cikuwa? A nan bedi yake da amfanin da ya fi na hayaƙi. A Banizumbu, wani ƙauye gabas da Yamai, masu bincike sun sa an daka 'ya'yan bedi ana barbaɗa garin a kududdufai sau biyu a mako cikin daminar 2007. Sakamakon da suka wallafa a 2008 ya nuna sauron zazzaɓi ya ragu da kusan rabi. Ƙauye ɗaya ne, gwaji ɗaya, ba mu ce an gama magana ba. Amma turmi da taɓarya ne kayan aikin, 'ya'yan kuma suna zuba a gindin itace awaki na tattakewa. Ya kamata hukumar lafiya ta jihar Tawa ta gwada shi a nan, ta ƙidaya, ta faɗa wa mutane abin da ta gani.

Matsayinmu ke nan. A ci gaba da turare a waje da magariba, don hira da cin abinci. A sa ƙarfi a kan ruwan da ke kwance, masu unguwanni da limamai su tsayar da ranar gayya a kowane mako daga Yuli zuwa Oktoba. Amma kada ko ɗaya daga cikin waɗannan ya zama dalilin naɗe sange, wato gidan sauro, a ajiye, ko a mai da shi shingen lambun albasa. Idan zafi ya kori mutane waje, a kafa sanduna huɗu a ɗaura shi a tsakar gida, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Maganin rigakafin damina da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda Madawa da Buza suna cikin wuraren da aka fara rabawa a Nijar a 2013, a ba da shi cikakke na kwana uku kowane zagaye. Yaron da jikinsa ya yi zafi kuwa, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya jiƙa masa ganye a ga abin da gobe za ta yi.