Ƙurajen fuska: Kada garin neman gira a rasa ido

 

A 'yan makonnin nan, mafi yawan saƙonnin da kuka aiko mana a kan ƙurajen fuska suke. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na wata ɗaliba 'yar aji biyar a makarantar kwana. Ta ce tun tana aji uku ƙuraje suka fara feso mata a goshi da kumatu. Da aka yi hutu, wata ƙawarta ta raka ta wurin mai haɗa mai, ta tattara kuɗin da ta daɗe tana tarawa ta sayo wata 'yar roba marar suna. Cikin mako guda fuska ta yi sumul, har ta ƙara haske, kowa na yabawa. Bayan wata biyu man ya ƙare, sai ƙurajen suka dawo fiye da na da, ƙanana birjik, ga raɗaɗi in ta shiga rana. Yanzu, in ji ta, ko ta san amsa ba ta ɗaga hannu a aji, don kada a juyo a kalle ta. Tambayarta ita ce: me za ta saya wanda ba zai cutar da ita ba, kuma kuɗinta zai kai?

Wannan tambaya ta mutane da yawa ce, maza da mata, don haka muka ware mata filin yau gaba ɗaya.

Daga ina ƙurajen suke?

Da farko mu cire wa kanmu kunya. Ƙurajen nan ba alamar ƙazanta ba ne. Kusan mutum 8 cikin 10 kan yi su a shekarun balaga. A wannan lokaci jiki yana ƙara samar da wasu sinadarai da ke sa fata ta riƙa fitar da maiƙo fiye da da. Maiƙon sai ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi. In ƙofar ta toshe, ƙwayoyin cutar da dama can suna zaune a fatar kowa sai su samu wurin yaɗuwa, wurin ya kumbura, ya yi ja, wani lokaci ya tara mugunya.

Ke nan dirzar fuska da soso ba za ta fitar da su ba, domin toshewar a ciki take. Dirza ƙara kumburi take yi. Mu kuma masu baƙar fata, duk inda ya kumbura yakan bar baƙin tabo da kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Shi ya sa matse ƙurji da farce babbar asara ce: ƙurjin kwana biyar ya koma tabon wata biyar.

Man da ke aiki cikin kwana uku

Alamun da ɗalibar nan ta bayyana sun yi kama da na wanda ya shafa mai ɗauke da sinadarin steroid. Magani ne mai ƙarfi da likita kan rubuta don wasu cututtukan fata na ɗan lokaci, amma wasu masu haɗa mai suna zuba shi a ɓoye saboda yana kwantar da kumburi nan take, yana kuma haska fata. In aka daɗe ana shafawa, fata takan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, sannan shi kansa ya haifar da nasa ƙurajen. In an daina, fuska ta rikice, mutum ya koma ya sake saye. Haka ake kama mutum.

Ku riƙe sunaye biyu: clobetasol da betamethasone. Duk bututun da kuka ga ɗayansu a jikinsa, ba na ƙurajen balaga ba ne, ko da mai kemis ya ce yana yi. Haka man bilicin masu ɗauke da hydroquinone ko mercury. Shi mercury har ƙoda yake taɓawa. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana matsalar bilicin a matsayin lamarin gaggawa ga lafiyar ƙasa, kuma ba a banza ta yi hakan ba.

Akwai kuma dabarun ɗakin kwana da muka sani: shafa man goge baki, diga lemun tsami, goga tafarnuwa, ko fasa kafso a zuba garinsa cikin mai. Man goge baki da tafarnuwa ƙona fata suke yi. Lemun tsami in ya haɗu da rana yana iya barin tabo mai duhu fiye da wanda ake son gogewa. Kafso kuwa, amfani da shi barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani ranar da ake buƙatarsa da gaske.

Abu uku sun isa

Ba sai an cika akwati da kwalabe ba. Na farko, abin wanke fuska mai sauƙi, marar ƙamshi mai ƙarfi, marar tsakuwa-tsakuwa. A wanke sau biyu a rana, safe da dare, sai kuma bayan wasanni ko zufa mai yawa. Da tafin hannu za a wanke, da ruwa marar zafi, a tsane da tawul mai tsabta ba tare da gogawa ba. Ruwan alwala ba ya cikin wannan lissafi, sabulu ne ake taƙaitawa. Sabulun wanki ba na fuska ba ne. Sabulun salo yana karɓar wasu, amma yana da kaifi. Ga yadda za ku gane: in bayan wanka fuska ta ɗaure, tana jan ku ko tana ƙaiƙayi, sabulun ya yi mata ƙarfi, a sauya.

Na biyu, magani guda ɗaya tak. Wanda aka fi samu a kantin magani shi ne benzoyl peroxide, mai kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙurjin. Yana zuwa da ƙarfi daban-daban: kashi 2.5, kashi 5 da kashi 10 cikin ɗari. A fara da ƙarami, domin aikinsu kusan ɗaya ne, babban ya fi busar da fata kawai. Gwargwadon ƙwayar wake ya ishi fuska duka, don haka ƙaramin bututu kan daɗe. A fara da shafawa yau a tsallake gobe, da dare, har fata ta saba. A kula, yana koɗar da launin tufafi, saboda haka a wanke hannu, a kuma kiyaye hijabi mai launi da rigar filo. Wanda ƙurajensa ƙanana ne masu baƙin kai ko farin kai, abin wanke fuska mai salicylic acid, wanda bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, zai taimaka wajen buɗe ƙofofin. In fuska ta kumbura ko ta yi borin jini bayan shafa kowanne, a daina nan take a nemi likita.

Na uku, man shafawa marar nauyi, mai ruwa-ruwa. Wasu na ganin mai maiƙon fuska ba ya buƙatar mai, amma maganin ƙuraje yana busarwa, ga hunturu kuma. Fatar da ta bushe ta tsattsage ta fi saurin fushi. Man kwakwa, man kaɗe da basilin a bar wa hannu, ƙafa da leɓe, sun yi wa fuska mai ƙuraje nauyi. A kula da man kitso ma: in ƙuraje sun jeru a goshi daidai bakin gashi, sau da yawa shi ne ke gangarowa.

Rana tana ƙara wa tabo duhu. Wanda ke da hali ya nemi man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama. Wanda ba shi da hali ya riƙe lema, hula da inuwa.

Sai babban sharaɗi, haƙuri. Maganin gaskiya yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin sauyi, wani lokaci har mako 12. Kusan zangon karatu guda ke nan. Mai sauya mai duk mako ba zai taɓa sanin wanda ke yi masa aiki ba.

Hoda da kwalliya

Yawancin makarantu sun hana kwalliya, don haka maganar ta lokacin hutu ce, ko Sallah, ko biki, ko ranar yaye ɗalibai. Mai ƙuraje na iya yin kwalliya, sai dai da zaɓi. Hoda marar nauyi ta fi fandeshin mai kauri da maiƙo. In ana son rufe tabo, a ɗiga a kan tabon kaɗai maimakon lafta wa fuska duka. A zaɓi kalar da ta dace da fatarki, ba wadda ta fi ki haske ba, domin mai haske ƙara fito da tudun ƙurji take yi.

Soson hoda da buroshi a wanke su da sabulu duk mako, a shanya su bushe. Kada a yi aronsu, kada a ba da aro. In za ki wurin mai kwalliyar biki, inda soso ɗaya ke bin fuskar ƙawayen amarya goma, tafi da naki. Kuma komai gajiya, kada a kwanta da kwalliya.

Samari, ku ma da ku ake. Ƙurajen da ke fitowa a haɓa da ƙeya bayan aski daban suke, gashi ne ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. Kada a ƙwaƙule aski har ƙasa, kada a bi da reza ta kan ƙurji, kuma a tabbatar an tsabtace injin aski kafin a ɗora muku.

In kun shiga kasuwa

Ku juya kwali ku karanta baya. Gaban talla ne, gaskiyar tana baya. Ku duba lambar rajistar NAFDAC, ranar ƙarewar aiki, sunan kamfani da jerin sinadarai. Ku nemi kalmomin nan na Turanci: non-comedogenic, wato ba ya toshe ƙofofin fata, oil-free, wato babu maiƙo, fragrance-free, wato babu turare. Duk abin da aka ɗura a robar da ba ta da rubutu, ko aka shanya a rana a bakin titi, ku wuce shi, ko da mai sayarwa ta rantse na gargajiya ne zalla. Tsada ba ita ce inganci ba. In sinadarin ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, mai araha mai rajista zai yi aikin mai tsada. Ku sayi ƙarami tukuna, ku gwada a bayan kunne ko gefen muƙamuƙi kwana uku kafin ku shafa a fuska. Fuskokin da kuke gani a TikTok da Instagram kuma, ku tuna da yawansu waya ce ta goge su.

Yaushe za a je asibiti?

In ƙurajen manya ne masu ciwo a can ciki, ko suna barin ramuka, ko an yi wata uku ana bin ƙa'ida babu sauyi, ko kuma damuwarsu ta fara hana ku shiga mutane, ku gaya wa iyaye ko malamar jinya ta makaranta. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin fata, kuma akwai magunguna masu ƙarfi da likita kaɗai ke bayarwa. Tabo mai rami ya fi wuyar gyara, don haka kada a jira.

Ke kuma 'yar'uwa da kika rubuto mana, kada ki koma wurin mai haɗin nan. Ki sanar da mahaifiyarki, ku ga likita, ki tafi masa da robar in tana nan. Fatarki za ta ɗan yi bore kafin ta lafa, amma tana iya farfaɗowa. Kafin nan, ki ci gaba da ɗaga hannu a aji. In kin duba da kyau, yawancin waɗanda kike tsoron su kalle ki, su ma da nasu ƙurajen suke fama.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi.