Sabuwar Sana'a Ma Tana Bukatar Raino

Malam manomi, ka san ƙwan kaza ba ya ƙyanƙyashewa sai ya sami ɗumi na kwana 21, kuma ɗan tsakon da aka bari a sarari ranar da ya fito abincin shaho ne. Sabuwar sana'a ma haka take. Sau da yawa matashi kan karɓi rance ya sayi injin matse man gyaɗa ko na gyaran shinkafa, amma kafin shekara ta zagayo kuɗin haya da man janareto da rashin masu saye sun cinye jarin, ya rage sai bashi.

Domin maganin wannan ne aka kafa cibiyoyin rainon sana'o'i. Irin wannan cibiya takan ba mai fara sana'a rumfa a kan haya mai sauƙi, da wutar lantarki da injunan da ake amfani da su tare, tsawon shekara ɗaya zuwa uku. Bugu da ƙari, ana koya masa ajiye lissafin shiga da fita, da yi wa sana'arsa rajista a hukumar CAC, da neman lambar NAFDAC, wadda idan babu ita manyan kantuna ba za su karɓi garinsa ko mansa ba. An fara wannan tsari a garin Bataviya na ƙasar Amurka a 1959. A Nijeriya kuwa, an buɗe cibiya ta farko a Agege ta Legas a 1993, kuma hukumar tarayya ta NBTI ce ke kula da irinta a jihohi.

Harkar noma ta riga ta ga amfanin abin. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta fara shirin horar da matasa kasuwancin noma a 2012. Haka kuma a sashenta na rainon kasuwanci aka sarrafa Aflasafe, maganin da ke rage gubar aflatoksin a masara da gyaɗa, har kamfani mai zaman kansa ya karɓi aikin yin sa da sayar da shi.

Akwai kuma shirye-shiryen hanzarta kasuwanci, waɗanda ke ɗaukar wanda ya riga ya fara ciniki, su horar da shi na kimanin wata uku, su ba shi jari, su kuma karɓi wani kaso na mallakar kamfaninsa. Kamfanin ThriveAgric, mai hulɗa da ƙananan manoma, ya bi ta irin wannan shiri na Y Combinator a 2019. To amma kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimci kason da za ka bayar ba.

A ganina, matsalar ita ce yawancin cibiyoyin nan a manyan birane suke, alhali masu suyar garin rogo da masu busar da tumatir suna ƙauye, ba su ma taɓa jin labarinsu ba. Malamin gona, kai ne gadar da za ta haɗa su. Ka ziyarci cibiyar da ta fi kusa da kai, ka san sharuɗɗan shiga. Ka tambaya mutum nawa suka yaye, kuma nawa ne har yanzu ke ciniki, domin da wannan ake gane ta ƙwarai. Sannan ka zaɓi ƙungiyar mata ko ta matasa guda ɗaya mai riƙon amana, ka sa su fara rubuta cinikinsu a littafi tun daga wannan kaka, ka raka su da kanka.

Kai kuma manomi, kada ka tafi da niyyar karɓar kuɗi ka dawo. Ka tafi da samfurin kayanka da littafin lissafinka, ka yi haƙurin koyo. Da rarrafe yaro kan tashi.