Ƙofa mai buɗewa da wayar salula: ɗan kasuwa ya yi lissafi kafin ya yar da kwaɗo

Daga cikin kayan zamani da ke shigo mana daga ƙasar Sin da Dubai akwai wata na'ura da ake ɗaura wa babbar ƙofar gida ko ta gareji ko ta mangaza, wadda ke sa ƙofar ta buɗe ko ta rufe da kanta. Da farko da ɗan abin latsawa na hannu ake sarrafa ta, irin na talabijin, amma yanzu an ƙara mata dabara, mutum na iya buɗe ƙofarsa da wayar salula ko da yana Kantin Kwari a Kano. Masu talla na cewa zamanin kwaɗo da sarƙa ya wuce. Abin tambaya a nan shi ne, ɗan kasuwar Madarunfa ko na Maraɗi da ya tara jarinsa a ɗaki guda, ya dace ya miƙa wa wannan na'ura amanar dukiyarsa?

Kafin a ba da amsa, ya kamata a san yadda abin yake aiki. Akwai inji mai jan ƙofar, wanda ke cin wutar lantarki. Akwai ɗan akwati da ke haɗa injin da intanet. Sai manhajar da ke cikin wayar mai gida. Idan ya latsa wayar, a yawancin irin waɗannan na'urori saƙon ba ya zuwa ga ƙofar kai tsaye, sai ya fara tafiya wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ƙera kayan, a Sin ko Turai ko Amurka, daga can ne umarni zai dawo wa ƙofar. Ke nan ƙofar na dogara da abubuwa uku: wuta, intanet da kamfanin da ke ƙetare. Duk wanda ya yanke daga cikinsu, wani ɓangare na abin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Gaskiya ne na'urar tana da amfani. Babban ɗan kasuwa da motar kayansa ta iso daga Jibiya da dare yana iya buɗe wa ƴan dako mangaza ba tare da ya bar mabuɗi a hannun kowa ba. Manhajar tana rubuta lokacin da aka buɗe ƙofa da lokacin da aka rufe ta, wanda hakan kan rage zargi tsakanin maigida da yaran shago, domin sau da yawa rigimar ɓatan kaya daga "wa ke riƙe da mabuɗi" take farawa. Haka kuma mai mota da ya dawo gida da dare ba sai ya sauko ya tsaya jan ƙofa cikin duhu ba. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, shi ya sa maganar ta cancanci a zauna a auna ta.

To mu fara da wuta. Idan ba a manta ba, bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli na 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, kuma a farkon watan Agusta Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa kamfanin NIGELEC, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa ke ba wuta, sun ɗanɗana kuɗarsu. Sai a ranar 24 ga Fabrairu na 2024 aka ɗage takunkumin, wutar kuma ta dawo a watan Maris. Wata bakwai ke nan. Ko babu rikicin siyasa, kowa ya san yadda ɗaukewar wuta take a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Saboda haka ƙofa mai inji da ba ta da batir na ajiya ko farantin hasken rana, a ƙasarmu ƙofar rabin rana ce. Batir ɗin ma zafi yana rage masa kwana, sai an riƙa sauya shi, wannan kuwa kuɗi ne da mai talla ba ya faɗa.

Wannan matsala ba a Nijar kaɗai take ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, lokacin gobarar daji ta 2017, wuta ta ɗauke, wasu mutane, musamman tsofaffi, suka kasa ɗaga ƙofofin garejinsu su fitar da mota, har aka yi asarar rayuka. Dalilin haka jihar ta kafa dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli na 2019, wadda ta tilasta cewa duk sabon injin ƙofar gareji da za a sayar ko a ɗaura ya kasance da batir na ajiya. Mu da muka san yadda gobarar kasuwa take, da yadda ake gaggawar fitar da buhuna da dilolin atamfa kafin wuta ta iso, mun fi kowa sanin darajar ƙofar da ke buɗuwa da hannu cikin minti guda.

Sai maganar intanet. A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka tsinke a kusa da gaɓar Kodibuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga matsalar sadarwa, har da Nijar da ba ta da teku. Ban da wannan, duk mai fatauci tsakanin Gabi da Safo da Ɗan Isa ya san akwai wuraren da layi ke rauni ko ya ɓace. Kuma kuɗin intanet na ƙofar dole a riƙa zuba shi kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Abu na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne kamfanin da ke ƙetare. A watan Afrilu na 2022 wani kamfanin kayan gida na zamani a Amurka mai suna Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, mutane suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki, sai da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka saye kamfanin kafin abin ya dawo. A watan Afrilu na 2023 kuma wani mai bincike, Sam Sabetan, ya bayyana cewa na'urorin buɗe gareji na kamfanin Nexx suna amfani da kalmar sirri guda ɗaya, ta yadda wanda ya gano ta zai iya buɗe ƙofofin mutane daga nesa, har hukumar tsaron intanet ta Amurka ta fitar da gargaɗi. Idan haka ta faru da kamfanoni masu suna a ƙasar da ke da kotuna da hukumomin kare mai saye, ina ga kayan da ba su da suna ba su da adireshi, waɗanda aka sauke daga kwantena? Wanda ya sayi irin wannan, ranar da ta lalace ba shi da wurin kai kuka.

Akwai kuma batun tsaro irin namu. Gundumar Madarunfa tana kan iyaka da jihar Katsina, kuma tun wajen 2019 jihar Maraɗi ke karɓar dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Irin waɗannan ɓarayi ba sa tsayawa neman mabuɗi. Ɓarawon mangaza na cikin gari shi ma ya fi bi ta rufin kwano ko ya fasa bango ta baya ko ya ɓalle ƙarfen da ke riƙe da ƙofa. Inji ba ya ƙara wa bango kauri. Hasali ma idan mabuɗi ya koma cikin waya, duk wanda ya fizge wayar, ko yaron gida da ya san lambar buɗe ta, ya riƙe mabuɗin mangaza. A gidaje da yawa kuwa waya guda ce ke yawo daga hannu zuwa hannu.

Mata ƴan kasuwa su ma maganar ta shafe su, ko da ba su ne za su sayi na'urar ba. Da yawansu suna ajiye tumatir da busasshen kifi da tukwane da atamfa a mangazar wani suna biyan kuɗin ajiya, wasu kuma da asuba suke sarin kaya a wurin manyan dillalai. Idan mai mangaza ya sa ƙofa mai inji, ranar kasuwa ta zo babu wuta, shi yana kan hanya wayarsa babu caji, asarar ba ta tsaya a kansa ba. Mai kayan miya da ta rasa cinikin safe ta rasa na ranar gaba ɗaya. Don haka duk mai ajiya a irin wannan wuri tana da haƙƙin ta tambaya: idan injin ya ƙi, wa ke da mabuɗin hannu, kuma yana kwana a ina?

To mene ne abin yi? A ganina, mai ƙaramin shago ko rumfa ba shi da buƙatar wannan na'ura yanzu. Kuɗin ya fi amfani idan aka kai wa mai walda ya ƙarfafa ƙofa da madogararta, aka sayi kwaɗo mai kyau da murfin ƙarfe da ke hana a yanke shi, aka sa fitilar hasken rana a gaba da bayan shago, sannan maƙwabta suka haɗa kuɗin mai gadi. Mai gadi yana jin motsi a bayan bango, yana iya yin kururuwa, abin da inji ba ya yi.

Babban ɗan kasuwa mai mangaza da motoci, wanda ya riga ya sa farantan hasken rana, shi yana iya amfana, amma da sharuɗɗa. Na farko, ƙofar ta kasance tana da mabuɗin sakin inji da hannu, a gwada shi a gaban mai sayarwa bayan an kashe wuta. Na biyu, ta yi aiki da abin latsawa na hannu ko babu intanet, kuma ya zama irin wanda lambar sirrinsa ke sauyawa a kowace latsawa, domin tsofaffin masu lamba ɗaya ana kwafe su cikin sauƙi. Na uku, ta kasance da idon da ke tsayar da ita idan yaro ko dabba ta gitta, abin da Amurka ta wajabta tun 1993 bayan ƙofofi sun danne yara, kuma a riƙa goge idon lokacin hunturu saboda ƙura. Na huɗu, a tabbatar akwai mai gyara da kayan gyara a Maraɗi, kada ƙofa ta tsaya sai an jira kaya daga Yamai ko Kano. Na biyar, a sa abin kare na'ura daga hawa da saukar wuta da tsawar damina, kuma duk ranar da yaron shago ya bar aiki a sauya kalmar sirri.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan kasuwa ya haɗa kuɗin saye da na ɗaurawa da na batir da na intanet da na gyara na shekara uku, ya ajiye su gefe guda, ya kwatanta da abin da zai kashe a kan ƙofa mai ƙarfi da mai gadi. Bayan haka ya tambayi mai talla ko ƙofar za ta buɗe kuma ta kulle ranar da babu wuta babu layi. Idan amsar ta zo da kame-kame, a bar kwaɗo a inda yake. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya ba da kasuwa mai albarka.