A Ba Yaran Nan Bango

'Yan'uwa, duk wanda ya bi titunan Kaduna ko Jos da ƙafa ya san abin da bangayenmu suke faɗi. Wannan ya ce kada a yi fitsari a nan, wancan ya ce gidan nan ba na sayarwa ba ne. Sauran kuwa hotunan 'yan takara ne, an manna wani bisa wani, ruwa ya dake su har ba a gane fuskar kowa. Ba mai cewa uffan. Amma bari yaro ya ɗauki gawayi ya zana doki a jikin katanga, nan da nan sai a nemo bulala.

Mun ga haka a unguwarmu. Wani yaro daga ajinmu na baftisma ya zana kasuwa a bayan wani shago, har da mai rake da akuya tana satar alayyafo. Mai shago ya sa shi ya wanke, uban kuma ya ƙara masa da duka. Ba mu ga laifin mai shago ba, gama bangonsa ne, ba a kuwa tambaye shi ba. Sai dai mun ga zanen kafin a wanke, mun kuma san hannun nan baiwa ce.

Waɗansu dattawa sukan ce zanen bango ɗabi'ar 'yan iskan Amurka ce. To, su je Zariya. Tun kafin a haife mu magina suke ƙawata fuskar zaure da dagi da takobi, da zamani ya zo suka ƙara keke da agogo. Mai gida ne yake biya, don mai wucewa ya gani ya yaba. Zakuna da furannin da ke jikin motocin katako ma, ai hannun talaka ne ya yi su.

Abin da ya faru a Dakar ta ƙasar Sanagal ya fi jan hankalinmu. Wajen 1990 samarin birnin suka gaji da shara da alkawaran 'yan siyasa, suka fito da tsintsiya da fenti. Suka kira aikin Set Setal, wato tsabta da tsabtacewa a harshen Wolof. Suka kwashe bola, sa'an nan suka zana malamansu da jarumai irin su Mandela a bangon da suka share. Mutum yana jin nauyin zubar da shara a gaban fuskar da yake girmamawa. A Filadelfiya ta Amurka ma, a 1984 hukumar birni ta fara jawo masu ɓata bango tana ba su aikin zane, yau birnin yana da zane-zane dubbai.

Yawancin majami'unmu da makarantunmu sun kewaye kansu da dogayen katangu tun da tashe-tashen hankali suka yawaita. Ga su nan tsirara, kamar na kurkuku. Muna roƙon dattawan ikkilisiya su ware gefe ɗaya, su sayi fenti galan uku ko huɗu, su kira samarin unguwa, namu da na maƙwabtanmu Musulmi. A yi sharaɗi tun fari: ba zagi, ba alamar jam'iyya, ba abin da zai taɓa addinin wani. A fara zana shi a takarda, dattawa da mai unguwa su gani su yarda.

Yaron nan namu yana nan, yana koyon facin taya. Mun tambaye shi, ya ce kwana biyar sun ishe shi in an ba shi tsani.